Baƙon da Ya Rako Basit Gida

Sunana Hamdiya. A Salaga aka haife ni, a nan nake aure, a bakin kasuwa nake sayar da atamfa. Abin da zan faɗa labarin jinyar ƙanina ne Abdul-Basit, Allah ya jiƙansa. Zan faɗe shi yadda ya faru, har da wuraren da ba su yi mana daɗi ba, ko wani gida ya ji ya farga da wuri.

Mu biyu ne a wurin Mma. Babanmu ya rasu Basit yana firamare, Mma ta riƙe mu da cinikin doya. Basit yaro ne mai kai, don haka ba mu yi mamaki ba da wata ƙungiyar agaji ta ɗauki nauyinsa zuwa Masar ya karanta Larabci da fiƙihu. A shekararsa ta farko kullum ƙorafi yake a waya, sanyi da cunkoson ɗakin kwana da burodi safe da rana. Sai a shekara ta biyu muryarsa ta sauya. Ya ce wani ɗan ajinsu mai suna Irfan, ɗan Malesiya, ya ce masa akwai gado babu kowa a gidan da suke haya, ya dawo wurinsu.

Daga nan duk hirarsa ta koma ta 'yan Malesiya. Su ma gwamnatinsu ce ko jihohinsu suka turo su karatu, amma ba sa zaman kowa tasa. Girki bi da bi suke yi, su zauna a ƙasa su ci a faranti ɗaya, shinkafar da aka dafa da ruwan kwakwa da wani yaji mai ƙananan kifi da ya ce ya fi shito, soyayyen yajin da Mma take yi, zafi. Ranar Alhamis su taru a gidan ƙungiyarsu su karanta Yasin. In sabon ɗalibi zai iso, manya ne ke zuwa filin jirgi su tarbe shi. In kuɗin wata ya makara, duk gidan ya koma taliya da ƙwai, ba wanda zai ɓoye nasa. Kowa kuma yana ɗan ajiye wani abu a asusu ɗaya saboda ranar da wani zai kwanta. Basit ya koya musu tuwo da miyar ayoyo, suka riƙa ci da cokali yana musu dariya. Mma kan ce, "Allah ya ba ɗana dangi a inda ba ni da kowa." Gaskiya ta faɗa, kuma har yau ban janye wannan ba.

Da damina ta bara ya kira ni ya ce, "Yaya, ina zuwa hutu, kuma da baƙo nake tafe." Na ce ai ba lokacin hutu ba ne. Ya ce an ba su ɗan sarari.

Ni na je tasha tarbarsu. Baƙon ne ya fara saukowa, ɗan gajere mai gilashi, da jaka biyu a kafaɗa, tasa da ta Basit. Ya juya ya miƙa hannu, sai na ga ana sauko da ƙanina kamar tsoho. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo, farin idonsa ya koma ruwan ɗorawa.

Na ce, "Basit, mene ne wannan?"

Ya ce, "Gajiyar hanya ce, Yaya, da ɗan zazzaɓi."

Irfan ya gaishe ni da Turanci, ya kira ni Kak Hamdiya. Ya ce a wurinsu haka ake kiran babbar 'yar'uwa. Ya ce abokan zamansu na gidan haya ne suka yanke cewa mara lafiya ba ya tafiya shi kaɗai, shi ya sa ya biyo shi. Yaran unguwa suka bi mu suna ɗan Caina, ɗan Caina, yana murmushi yana cewa sannu, don ita kaɗai ya iya a lokacin.

Mma tana ganin idon ta ce shawara ce. Maƙwabta suka shigo kowa da nasa: wannan ya ce rake, wannan ya ce a hana shi mai da gishiri, wata ta ce ruwan ganyen gwanda. A makon farko muka kai shi asibiti. Katin inshorarsa ya mutu tun yana waje, sai da muka yi yini guda wurin sabunta shi, washegari kuma muka bi layi tun safe har azahar. Da aka kira sunansa na miƙe, ya ce in zauna, shi ba yaro ba ne. Ya shiga shi kaɗai. Irfan yana gefena a benci, kansa a ƙasa, yana ta murza yatsunsa. Basit ya fito da maganin zazzaɓin sauro. Sai daga baya muka san likitan ya ce lallai a gwada jininsa a duba hanta, shi kuma bai gaya wa kowa ba.

Kowace safiya ina ganin Irfan yana ba shi wata ƙwaya daga aljihunsa. Na tambaya, Basit ya riga shi amsawa, ya ce maganin ƙarin jini ne.

Mako ya wuce ba sauƙi. Abinci in ya ci loma biyu ya ture. Sai Goggo Ayi, ƙanwar babanmu da ke aure a Yendi, ta aiko cewa akwai wani dattijo a bayan gari wanda shawara ba ta gagararsa. Mma ta sayar da doyar da ta ajiye don jiran tsada, muka ɗauki mota ta Bimbila, hanya duk ruwa ya cinye ta, Basit yana riƙe da gefen cikinsa na dama a kowane rami.

Dattijon ya duba idonsa da tafin hannunsa, ya ba mu jarka cike da jiƙon saiwa, baƙi ƙirin, ya ce kofi safe kofi yamma. Ba zan zage shi ba. Abin da ya sani ya ba mu, kuma ba wanda ya gaya masa abin da ke jikin yaron.

Da Goggo ta zuba kofin farko, Irfan ya tashi tsaye. Ya ce da ni, "Kak, don Allah kada ya sha. Ba mu san abin da ke ciki ba."

Goggo ta ce, "Me yake cewa?"

Na fassara mata. Ta ajiye kofin ta dube shi sama da ƙasa. "Ki gaya wa baƙon nan, wannan muka sha, shi iyayenmu suka sha. In yana da wanda ya fi shi, ya fito da shi mu gani."

Na gaya masa. Ya buɗe baki, ya dubi Basit, Basit ya dube shi. Sai ya koma ya zauna. Basit ya ɗauki kofin ya shanye, ya ce, "Mma, kin gani, na sha."

Da la'asar na same su a gindin mangwaron gidan suna magana da Larabci, murya ƙasa-ƙasa amma da zafi. Na ce lafiya? Basit ya ce, "Wata mas'ala ce ta karatu muke gardama a kai." Na yi dariya na ce ko a kan gadon ciwo ba za su bar gardama ba, na wuce na ci gaba da wanki.

Kusan mako biyu muka yi a Yendi. Jiƙon yana sa shi amai da gudawa, Goggo tana cewa ciwon ne ke fita. Irfan ne ke riƙe masa roba, shi ke wanke shi, shi ke wanke kayansa, ya hana ni taɓawa. Abincinmu bai karɓe shi ba, shi ma ya rame, amma bai taɓa cewa komai ba. Kullum bayan azahar abokansu na Masar za su kira ta bidiyo, fuskoki cike da wayar, suna ta zolayar Basit cewa ranar girkinsa ta zo ya gudu. A nan kaɗai nake ganin haƙoransa.

Sai ƙafafun Basit suka kumbura, cikinsa ya tashi ya yi tauri. Ya koma barci da rana. Wata safiya ya dube ni ya kira ni da sunan wata malamarsa ta firamare. Goggo ta ce wannan ba shawara ba ce kaɗai, akwai hannun mutum, ai ba kowa ke murna da maraya ya tafi waje ba. Mma ta kira yayanta Kawu Seidu, mai cinikin albasa a Bawku. Ya ce a kawo shi maza, maƙwabcinsa likita ne, kuma ga gida ga masu taimako.

Irfan ya ce, "Kak, na duba, Tamale ta fi kusa, kuma can ne babban asibiti."

Na gaya wa Mma. Ta ce ba za ta kai ɗanta Tamale ba, can babanmu ya cika, kuma ba mu da kowa a can. Ban matsa mata ba. Abin da ke ci mini rai shi ne, ta cikin Tamale motar ta bi da mu. Muna cikin gari Irfan ya taɓa kafaɗata daga baya ya ce, "Mu tsaya a nan, don Allah." Na ce Kawu yana jira, an riga an yi magana da direba. Muka wuce Walewale, muka wuce Bolga, Basit yana kwance kansa a cinyar Irfan, sojoji suna tsayar da mu a shingaye suna leƙa baƙon fuska suna tambayar takardunsa.

Washegari maƙwabcin Kawu ya gan mu a asibiti. Dattijo ne, yana jin Hausa sosai. Ya danna cikin Basit, ya sa ya miƙa hannuwansa, suka riƙa karkarwa. Ya ce, "An taɓa gaya masa yana da ciwon hanta?"

Mma ta ce a'a, lafiyarsa ƙalau sai kwanan nan.

Likita ya sunkuya ya tambayi Basit. Basit ya rufe ido. Sai na ji muryar Irfan daga bakin ƙofa, da Turanci: "An gaya masa. Shekara biyu ke nan." Ya shigo ya ciro kwalbar ƙwayar nan daga aljihu ya ajiye a kan tebur.

Likita ya juya kwalbar ya karanta. Ya ce yana sha kullum? Irfan ya ce ya sha kusan shekara, sannan ya daina ba tare da sun sani ba, sai da idonsa ya sauya suka gane, suka sa ya koma. Likita ya girgiza kai ya ce, "Wannan ƙwaya ba a ajiye ta don an ji sauƙi. In aka ajiye, ciwon da ƙarfi yake dawowa." Ya tambayi me muka ba shi a gida. Na faɗi jiƙon Yendi. Bai yi mana faɗa ba. Ya ce kawai, "Duk abin da mutum ya sha, hanta ce ke aikinsa. Tasa ta riga ta gaji." Waɗannan kalmomi biyu, ta gaji, har yau suna kunnena.

Aka ba shi gado. Na fito na sami Irfan a gindin dalbejiya a harabar asibitin. Ban san lokacin da na fara ɗaga murya ba.

Na ce, "Ka ci abincinmu, ka kwana a ɗakin babanmu, kana kallo muna yawo da shi gari-gari, kuma ka sani?"

Ya ce, "Na sani, Kak."

"A Yendi fa? Kana tsaye aka ba shi kofin nan!"

Ya cire gilashinsa, hawaye suna zuba. Ya ba ni labarin duka. Wani ɗan gidansu mai karatun likita ne ya ja su ba da jini, a nan aka gano. Basit ya tsorata, ya ce in masu ɗaukar nauyinsa suka ji za su mayar da shi gida, Mma kuma ta gama gaya wa duk Salaga ɗanta zai dawo malami. Ya sa su duka suka yi masa alkawari, shi Irfan har da rantsuwa. Daga asusunsu suke sayen maganin don kada sunansa ya shiga ko'ina. In ya kasa zuwa aji su kwafe masa darasi, in ranar girkinsa ce wani ya karɓa. Da ya ji ƙarfi sai kunyar cin kuɗinsu ta kama shi, ya ce musu likita ya ce ya huta da magani. Da ciwon ya dawo, likitan can ya ce a kwantar da shi, ya ƙi, ya ce gida zai je.

Irfan ya ce, "Mun ɗauka rufa masa asiri shi ne zumunci. A gindin mangwaron nan roƙonsa nake ya sake ni daga rantsuwar. Ya ce in na faɗa bai yafe mini ba."

Na ce, "Da ka faɗa, ya ƙi yafe maka, yana raye."

Ya goge gilashinsa ya mayar. Ni ma da na faɗa ban ji sanyi ba, don na tuna wanda ya ce mu tsaya a Tamale da wadda ta ce a wuce.

Mun yi fiye da mako a Bawku. Inshora ba ta ɗauki yawancin gwaje-gwajen ba, Kawu ya sayar da buhunan albasarsa a farashin da bai so ba. Yaran Masar suka haɗa abin da suka haɗa suka turo, har 'yan matansu da ba su taɓa magana da Basit ba. Mma ta ce ba ta so, Kawu ya ce ta karɓa, ba ita suka ba ba, ɗan'uwansu suka ba. Saboda dokar hana fita da aka sa a Bawku kan rikicin garin, duk mai jinya sai ya zaɓa tun yamma, ko ya kwana ciki ko ya tafi gida. Irfan bai taɓa zaɓar gida ba. Ranar komawarsa ta zo ta wuce, jarrabawa ta wuce shi, aka aiko masa gargaɗi daga masu biya masa karatu. Na ce ya tafi. Ya ce manyansu na can suna magana a madadinsa. Mma kuwa ta daina amsa gaisuwarsa. In ya ce "Mma, sannu," sai ta juya fuska.

Aka zuƙe ruwan cikin Basit, ya ɗan samu sauƙin numfashi, sannan likita ya tura mu Tamale ɗin da muka wuce. A can suka yi iya ƙoƙarinsu, nas-nas ɗin ɗakin ba zan manta kirkinsu ba. Amma wata likita ta kira ni gefe ta ce abin da ya rage, wato dashen hanta, babu shi a nan, kuma ko akwai, jikinsa ba zai kai ba.

Wata rana da hantsi hankalinsa ya dawo sarai. Ya nemi koko, ya sha cokali kaɗan. Ya ce, "Yaya, ku kai ni gida." Sannan ya ce, "Kada ki riƙe Irfan. Ni na ɗaure shi."

Na ce, "Me ya sa ba ka gaya mini ba? Ni ce fa."

Ya ce, "Da kin gaya wa Mma."

Na ce da ban gaya mata ba. Ya yi ɗan murmushi, don ya san ƙarya nake.

Mun kai shi Salaga, ya yi kwanaki kaɗan a ɗakin babanmu, ya cika da rana tsaka ana yayyafi. Irfan yana cikin waɗanda suka yi masa wanka, kuma shi da Kawu suka shiga kabari suka karɓe shi. A ranar abokansa suka yi masa sallar gawa daga can Masar, suka turo mana hoton sahu, ɗaki cike har bakin matakala. Bayan Irfan ya koma ya je ofishin ƙungiyar da ta ɗauki nauyin Basit kai musu labari. Suka ce da sun sani, da su za su biya maganin, ba sa korar ɗalibi saboda wannan. Da ya gaya mini haka a waya, na kashe wayar na rufe shago.

Amma kafin ya tafi, bayan sadakar bakwai, ya zo ya durƙusa a gaban Mma ya ce in fassara. Ya ce, "Mma, na yi shiru sau ɗaya, ba zan ƙara ba. Ciwon nan yana bin gida. Ba zan hau mota ba sai an gwada ku duka." Mma ta dube shi a durƙushe. Sannan ta ce, "Ki ce masa ya tashi, gwiwarsa za ta yi ciwo. Gobe mu je." Wannan ce magana ta farko da ta yi masa tun Bawku.

Aka gwada mu. Mijina ba shi da shi, 'ya'yana biyu ba su da shi. Ni ina da shi. Mma tana da shi. Nas ta ja ni gefe ta ce sau da yawa a wurin haihuwa ake ɗauka daga uwa, uwar ma ba ta sani ba, mutum ya yi shekaru ba alama. Na ƙudura a raina ba zan taɓa gaya wa Mma wannan ba.

Ga abin da nake roƙon duk mai karanta wannan. Ku je a yi muku gwajin ciwon hanta tun kuna jin ƙarfinku, gwajin ba ya ɗaukar lokaci. Wanda ba shi da shi, akwai allurar rigakafi. Wanda aka ɗora a kan magani kada ya ajiye sai likita ya ce. In ido ya sauya launi, a fara da asibiti, a kuma shiga ɗakin likita tare da mara lafiya ko ya ƙi. Ku kuma 'yan makaranta da ke zaune a ƙasar mutane kuna riƙe da juna, Allah ya saka muku, ba ni da bakin gode muku. Amma in ɗayanku ya ce ku rantse ba za ku gaya wa gida ciwonsa ba, kada ku rantse.

Ranar da aka gwada mu, ni da Mma muka dawo daga asibiti muka kai ƙofar gida. Ta tsaya ta riƙe ƙyauren.

Ta ce, "Mijinki ba shi da shi."

Na ce e.

"Ni, da ke, da Basit." Ta dube ni. "Me ya haɗa mu mu uku, Hamdiya, in ba cikina ba?"

Na ce, "Mma, ba wanda ya sani a lokacin."

Ta ce, "Na sani ba wanda ya sani." Ta shiga ɗaki, ta daɗe, na zaci kwanciya ta yi. Sai ta fito da mayafinta a kai ta ce in kira mata yaran. Ta riƙe hannun kowannensu, ɗaya dama ɗaya hagu, ta ce allurar nan yau za a fara ta, kuma ita za ta kai su da ƙafarta.